Akushin Depite

A unguwarmu, a wani ƙauye da ke tsakanin Dungas da Guci, magidanci ba ya cin tuwon dare shi kaɗai a ɗaki sai in ba shi da lafiya, ko kuwa marowaci ne. Da an sallame magariba kowane gida zai fito da kwanonsa, a kawo gindin itacen bedi, wato dogon yaro, da ke ƙofar gidan mahaifina, a jera a tsakiyar tabarma, maza su kewaye. A buɗe kwano ɗaya a gama da shi, a jawo na gaba. Wannan ita ce ciyayya. Na taso na tarar da ita, ban kuma taɓa tambayar wanda ya fara ta ba.

Tana da dokokinta, ko da yake ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya faɗa mana su. Ba a yabon miyar gidan mutum a gabansa, sai dai a kushe ta ana lashe yatsu. Baƙo ko daga ina ya fito za a matsa masa, amma baƙo ba shi da wuri, inda aka samu sarari nan zai zauna. Mai kwano shi ne mai wuri. In mai kwano ya yi tafiya, ko cin rani ya tafi Kano ko Makka ya nufa, kwanonsa ba ya fasa fitowa, kuma ba wanda zai zauna a wurinsa. Abu biyu ne ke tsayar da kwano, mutuwa ko gaba. Ranar da ya daina fitowa kuwa, sai a matso a rufe gurbin.

Wurina yana jikin tushen bedin. A haguna taubashina ne, ɗan gwaggona, ƙanwar mahaifina. Kaciyarmu ɗaya, lakwal ɗaya, wato makarantar boko, muka shiga. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, saboda haka bawana ne, ko da yake har yau bai amsa ba. Na zama mushe, wato malamin lakwal, ina koyar da yara, shi ya zama malamin dabbobi, yana bin rugage da mashaya yana yi wa shanu allura. Yana da wani hali da na kasa raba shi da shi. Duk ranar da aka samu nama a miya, sai ya bari na lallaɓo tsoka na kawo gabana, sannan ya jefo mini tambaya. Ina juyowa in ba shi amsa, sai in tarar tsoka ta tafi. Na san haka zai yi, ya san na sani, amma kullum sai na juyo.

Kwanon gidansu ba kwano ba ne, akushi ne, baƙi wuluk, da tsaga a gefe ɗaya wadda aka ɗaure da waya. Duk unguwa an koma kwanon silba, gwaggo ta ce ita tuwo ba ya yi mata daɗi a ƙarfe. Matar taubashina ce ke girki, amma daddawar batso gwaggo ce ke yin ta da hannunta, ita ke sa ta a miyar kuka, kuma ko da rufe ido aka ba ni zan gane ta. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, in ya shigo gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa wa bango. In za ta yi mini maganarsa sai ta ce «bawan naka». Ni kuma tana ce mini Mai sunan Baba, don sunan mahaifinta aka sa mini.

A shekarun da aka yanke Dungas daga Magarya aka ba ta gundumarta, wata jam'iyya ta zo neman mutumin da jama'ar wannan yanki suka sani. Ba su sha wahala ba. Babu makiyayin da bai san bawana ba, babu manomin da bai taɓa kiransa a kan sa mai zawo ko tunkiya mai naƙuda ba. Aka sa shi a cikin 'yan takarar majalisar dokoki. A tsarin ƙasarmu ba mutum ɗaya ake zaɓa wa gari ɗaya ba. Jam'iyya ake jefa wa ƙuri'a, jihar Damagaram duka a dunƙule, sai a raba kujeru gwargwadon abin da kowace ta samu. Na yi wa mutane wannan bayani har muryata ta dushe, suna gyaɗa kai, suna tashi su ce za su je su zaɓi malamin dabbobi.

Aka yi zaɓe, kujera ta kai kansa, ya zama depite, wato ɗan majalisa. Mata suka yi ta guɗa, samari suka yi ta zagaya gari da babura har wani ya faɗa cikin shingen mutane. Gwaggo kuwa ko leƙowa ba ta yi ba, aka ce tana can bayan ɗaki tana sussukar gero kamar ba ta ji ba. A tabarma a ranar na ce masa: «Yau ni na fi kowa girma a ƙasar nan. Ina wanda ke da bawa depite?»

Ya ce: «To, ranka ya daɗe, wace doka kake so in fara yi maka?»

Na juyo in ba shi amsa. Ban san a ranar ba cewa wannan ita ce tsoka ta ƙarshe da zai ɗauke mini.

Ya kwashi iyalinsa suka koma Yamai. Gwaggo ta ce ba inda za ta, gero ba ya tsira a kan kwalta. Ta zauna a gidan ita da wata 'yar'uwarta da mijinta ya rasu. Mun ɗauka za ta bar zancen akushi tunda mai girki ta tafi. Washegari da magariba sai muka ji murya daga ƙofar zaurenta: «Mai sunan Baba, zo ka ɗauka.» Ta koma riƙe muciya da tsufanta. Tun daga ranar ni nake zuwa ɗauko akushin, in kawo shi tsakiyar tabarma, a bar wurin mai shi a sarari.

Da majalisa ta tafi hutu ya zo gida karon farko. Tun kafin motarsa ta iso ƙofar gidan ta cika. A takarda depite na jiha ne gaba ɗaya, har ma an ce na ƙasa ne duka, amma kowa da nasa lissafin. Mutanen Magarya suka ce nasu ne, ai lokacin da aka haife shi garinmu a ƙarƙashinsu yake. Mutanen Dungas suka ce a kai kasuwa, yanzu gunduma tasu ce. Na Bande suka zo da zancen ajin lakwal na zana da iska ke kwashewa duk damina, na Guci suka zo da zancen rijiya, makiyaya suka zo da kukan burtalin da gonaki suka cinye. Har da wani dattijo da ya yi tafiyar yini a kan jaki don a raba shi rigimar iyakar gona da ƙaninsa. Bawana ya zauna a zaure tun hantsi yana sauraro, ko ruwan kirki bai sha ba.

Babba a tabarmarmu a lokacin wani dattijo ne da muke ce wa Baba. Ya yi shekaru yana tsaron ƙofar biron kumandan, wato ofishin mai mulkin gunduma, a Magarya, saboda haka duk abin da ya shafi manya da yadda ake tarbarsu shi ne malaminmu. Da la'asar na gan shi yana ta kai da kawowa. Ya aika aka aro kujerar roba fara, aka wanke ta, aka yanka zakara a gidansa, aka zuba a kwano mai murfi da cokali a gefe. Na ce: «Baba, wa za a yi wa wannan?»

Ya ce: «Kai mushe, da iliminka? Onorabul zai zauna a ƙasa, ga baƙi daga ko'ina suna kallo? So kake mutanen Magarya su koma su ce ba mu san girma ba?»

Na ce ai bawana ne, na san abin da yake so. Ya ce wannan a da ke nan, in kiɗa ya canza rawa ma canzawa take. Sauran suka goyi bayansa. Ba mugunta ba ce, ko kaɗan. Alfahari muke da shi, kuma ba mu san wata hanyar nuna alfahari ba sai wannan.

Bayan magariba na hango shi ya fito daga zaure a ƙafa, ya tuɓe babbar rigar, daga shi sai 'yar shara. Yana tafe yana naɗe hannun dama. Ya cire takalmi a bakin tabarma kamar kullum, ya nufi wurinsa. Sai Baba ya miƙe, kowa ya miƙe. Baba ya jawo kujerar ya ce: «Bismilla, Onorabul.»

Ya yi dariya ya ce: «Haba Baba, ni ne fa.»

Baba ya ce: «Mun san kai ne. Don Allah kada ka kunyata mu a gaban baƙi.»

Ya waiwaya. Baƙin suna tsaye a bayansa, da mutanen jam'iyya, da mai tuƙa motarsa, kowa ya zuba ido. Ya dubi gurbinsa, ya dube ni, sai ya zauna a kujerar. Gwiwoyinsa suka zo daidai kunnena. Aka ɗora masa kwanon zakara a cinya, mu kuma muka buɗe akushin uwarsa muna ci. Ban taɓa jin ciyayya ta yi shiru irin na ranar ba, har ƙarar cokalinsa ana ji. Na ga abin ya ishe ni, na ɗaga kai na ce: «Kai bawa, wa ya ba ka izinin zama sama da ubangidanka?» Baba ya yi gyaran murya. Wani daga cikin mutanen jam'iyya ya ɓata fuska. Ba wanda ya yi dariya, shi ma murmushi kawai ya yi. Ya ɗan taɓa naman, ya yi godiya, ya sa takalmi ya koma zaure. Washegari bai fito ba, aka ce yana ci da baƙi.

Haka abin ya zauna. Duk hutun majalisa sai ya zo, ƙofa ta cika, ya zagaya gunduma yana gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa, ya tsaya a bakin tabarma daga tsaye ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ya wuce. Kujerar kuwa Baba ya saye ta daga hannun mai ita, ya jingine ta a jikin bedi, tana jiran Onorabul. A tabarma aka fara cewa Yamai ta canza shi, ya saba da cokali, tuwonmu ya yi masa kaushi. In aka faɗi haka raina yakan ɓaci, in yi ta masifa har in tashi ban ƙoshi ba. Amma in na kwanta nakan ce ko gaskiya ne.

Abin da ya rage mini shi ne rediyo. In ana muhawara a majalisa nakan ɗauke ta in tafi da ita gona, in rataye a reshen gawo. Mafi yawan lokaci wasu ke magana, da Faransanci, a kan kasafin kuɗi da abubuwan da ba sa sa gero ya yi tsawo. Can wani lokaci sai a ba shi dama. Kafin ya fara yakan yi wani ɗan tari, kuma da wannan tarin nake gane shi tun kafin a faɗi sunansa, don irinsa yake yi in zai jefo mini tambayar satar nama. Na ji shi ya yi magana da Hausa a kan burtali, na ji shi a kan hanyar da motoci ke kafewa in ruwa ya sauka. Nakan tsaya da hauya a hannu har ya gama. Ina kewarsa, ba na ɓoyewa. Mutum yana da rai, muryarsa tana fitowa daga reshen gawo, amma ba halin in ce masa kai bawa.

Ban ce ya yi wa yankinmu komai ba, ban kuma ce bai yi komai ba. An haƙa rijiyar burtsatse a wasu garuruwa, an gina aji a wasu, hanya kuwa tana nan yadda take. Aikin depite doka ne da bin diddigin gwamnati, ba haƙa rijiya ba, amma je ka faɗa wa matar da igiyar guga ta cinye wa tafin hannu. Wanda ya samu ya ce namu ne, wanda bai samu ba ya ce na wancan gari ne. Kowa yana da abin da yake nema a wurinsa. Ni ma ina da nawa, sai dai nawa ba a shiga layi a zaure a roƙe shi.

Yakan kira ni a salula jefi-jefi, kusan kullum bayan magariba. Bayan gaisuwa sai ya ce: «Me aka ci yau?» In lissafa masa, tuwon gidan wane ya yi ruwa, miyar gidan wane gishiri ya yi mata yawa. Sai ya ce: «Na tsohuwa fa?» In ce ya fito. Sai in ji hayaniyar mutane a bayansa, ya ce to sai an jima. Na daɗe ina ɗauka gaisuwa ce kawai irin ta wanda ya rasa abin faɗa.

Shekaru suka tura. Baba ya rasu, kwanonsa ya tsaya, muka matso. Wani ya bi ɗansa Damagaram, wani ciwon ƙafa ya zaunar da shi a ɗaki. Samarin da ya kamata su maye gurbi sun fi son zaman fada, dandalinsu na hira, inda suke dafa shayi su ci abin da suka saya a teburin mai taliya. Tabarma biyu muke shimfiɗawa a da, muka koma ɗaya, ɗayar ma ba ta cika. Gwaggo ta rankwafa. Tuƙin tuwo ya fi ƙarfinta, 'yar'uwarta ke tuƙawa, ita ta zauna a kan turmi ta kaɗa miya. Wata rana wani a cikinmu ya ce a gaya mata ta huta, ana wahalar da tsohuwa a kan mutumin da ya manta da mu. Aka ɗora mini saƙon, ni da nake ɗan ɗakinta.

Na je ɗaukar akushi na faɗa mata a hankali. Ta dube ni ta ce: «Mai sunan Baba, bawan naka ya mutu ne?»

Na ce a'a.

«Kun yi gaba?»

Na ce a'a, Gwaggo.

Ta ce: «To ɗauki ka tafi, tuwo na hucewa.» Na kai bakin zaure sai na ji ta ƙara, ba da ƙarfi ba: «Wuri nake riƙe masa. In na sake, ina zai zauna?» Tunda nake da ita ban taɓa jin ta faɗi abin da ya kai wannan kusa da cewa tana son ɗanta ba.

Daga ranar tsoro ya shige ni. Akushin nan numfashin tsohuwa ne ke riƙe da shi, kuma ina gani da idona numfashin yana raguwa. In ya tsaya kafin mai wuri ya dawo ya zauna, za a rufe gurbin, ni kaina ba ni da bakin hanawa. Zai iya zuwa bayan nan a matsa masa, amma a matsayin baƙo.

Ana nan sai sojoji suka karɓi mulki, aka rushe majalisa. Allah ya gafarta mini, mutane suna jimamin ƙasa, ni abin da ya fara zuwa raina shi ne bawana zai dawo gida. Ƙofar zaurensa da ba ta rabuwa da masu jira ta zama wurin kwanan awaki. Na jira shi da damina, na jira shi da kaka, bai zo ba. Ya ce yara suna karatu a Yamai, ya ce likita ya sa shi a kan magani, ya ce sai hanya ta yi kyau. Wata rana da ya kira ya tambayi abin da aka ci, sai haƙurina ya ƙare. Na ce: «Kai, ni na gaji da ba ka labarin tuwo. Gwaggo ba ta iya miƙewa sai an kama ta. In kana son ka san abin da aka ci, ka zo ka sa hannu.»

Na ɗauka ma ya kashe salular. Can ya ce: «Kujerar tana nan?»

Na ce wace kujera.

Ya ce: «Wadda kuka ba ni. Ranar nan tun safe ban ci komai ba, ina ɗokin miyar tsohuwa. Na zo kuka miƙe mini tsaye. Ina sama ina kallo kuna cin akushin uwata, ni an ba ni zakara da cokali kamar baƙon kumandan. Na ce to, sun sallame ni ke nan, cikin mutunci. Tun daga ranar duk inda na je a jihar nan kujera ake ba ni. Na ci abinci a garuruwan da ban san adadinsu ba, ba inda wani ya kushe mini miya.»

Mu muna nan muna cewa ya guje mu, shi yana can yana cewa mun kore shi, a kan kujerar roba da rana ta riga ta cinye. Na ce masa: «Kujerarka ƙafarta ta karye tun bara, kaji ke kwana a ƙarƙashinta. Wurinka kuwa ko kare bai taɓa kwanciya a kai ba. Ka zo, bawan banza.»

Ya yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba. Ya ce da zarar an yi wa yara hutu yana hanya.

Gwaggo ba ta kai hutun ba. Wata safiya, ana ɗaurin dawa, 'yar'uwarta ta kai mata kunu ta tarar ta cika. A daren da ya gabata ma Gwaggo ce ta kaɗa miya, ni na ɗauko akushin. Muka yi mata sutura kafin azahar. Yamai ba nan kusa ba ce, ya kwana a hanya, ya iso washegari a motar haya, ya sauka a Dungas ya hau kabu-kabu kamar kowa. Na kai shi makabarta. Ya tsuguna ya daɗe, ni kuma na juya baya ina kallon gonaki.

Kwanakin zaman makoki maƙwabta ne ke kai abinci gidan, a can muke ci tare da masu gaisuwa. Mutane sun zo, amma ba irin na da ba, kuma ba wanda ya zo da roƙo. Da aka share makoki, 'yar'uwar gwaggo ta tattara kayanta, 'ya'yanta suka tafi da ita Bande. Gidan ya zama ba mai hura wuta.

A ranar bayan magariba muka shimfiɗa tabarma. Kwanuka suka fito, na gidan gwaggo bai fito ba. Kowa ya san abin da ya rage a yi, amma ba wanda ya motsa. Wanda ke bayan gurbin ya dube ni, ya fara jawo jikinsa a hankali. Sai ga bawana ya fito daga zaure, ya rungumo akushin a ƙirji. Ya zo bakin tabarma ya cire takalmi ya tsaya. Akushin a wanke yake, babu komai a ciki.

Ya ce: «Na duba ko'ina, ba abin da zan zuba.»

Mutumin da ya yi shekaru yana magana da yawun jiha guda, ga shi tsaye da furfura bai san ko yana da wurin zama a ƙofar gidan kawunsa ba. Ban yi shawara da kowa ba. Na karɓi akushin, na buɗe kwanon gidana, na raba tuwon biyu na juye rabi a ciki, na zuba miya, na ajiye a tsakiya. Na ce: «Kwano ya fito. Kowa ya koma wurinsa.»

Ya zauna a haguna, a ƙasa. Ya yi bismilla ya kai loma. Ya tauna, ya haɗiye da ƙyar, ya ce: «Wannan miya ko bawa ba a ba shi.» Muka yi dariya, dukkanmu, muna share ido da bayan hannu. Babu nama a ranar. Da akwai, da na tura masa da kaina.

Bai daɗe ba ya koma Yamai, don yaran suna can, likitan ma yana can. Ranar da zai tafi ya kawo mini akushin har gida, ya miƙa wa matata, ta karɓa. Ya ce mini zai dawo gaba ɗaya in ƙaramin ya gama lakwal. Na ce Allah ya kai mu, ko da yake na san irin wannan alkawarin, kuma daga ni har shi ba yara ba ne.

Har yau kwano biyu ke fita daga gidana da magariba, na silba da akushi. Matata ta gwada daddawar batso iya ƙoƙarinta, ba ta zo daidai ba, na kuma daina sa rai za ta zo. Mun ragu ƙwarai a gindin bedin, tuwo har saura yake yi. Ran kasuwar Dungas nakan sayo ɗan nama. In na lallaɓo tsoka na kawo gabana, nakan bar ta nan na ɗan lokaci, in juya hagu.